Kafin Ka Ce Masa Ya Daina, Ka Tambaye Shi Inda Ya Kwana

Masu ƙorafin data ba ta isarsu su saurari murya, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Yau ni kaɗai ne, ba baƙo. Wanda muka shirya da shi ya kira ni jiya bayan isha'i ya ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, na fasa. Ko an sauya min murya 'yan layinmu za su gane ni, ga shi an fara maganar aurena." Na ce masa wallahi ka yi daidai, kada ka zo. Amma ya yarje min in ba da labarinsa, ba suna, ba unguwa. To a shirin nan zan riƙa ce masa mutumina.

Bari in fara da yadda ni kaina na faɗo cikin harkar nan, don wasu suna zaton a aji muka karanto ta.

A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da rahoton binciken nan a kan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a nan Kano. Ba a yi kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta sanar da haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Lokacin ina aji biyu a jami'a, muna ta tura wa juna bidiyon a WhatsApp muna Allah wadai. Abin da ban gaya wa abokaina ba shi ne, ɗan gwaggona, wanda muka tashi ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, kwalba uku yake sha a rana. Da kodin ya yi tsada bai daina ba, sai ya koma tiramol da roci. Dangi suka taru aka yanke shawarar a kai shi gidan mari. Ina cikin masu rakiya. Ni na riƙe masa jaka.

Wata takwas ya yi. Ya dawo ya rame, ga tabon ƙarfe a ƙafafunsa biyu, ba ya iya haɗa ido da kowa. Gwaggo ta soya waina ta yi sadaka, aka ce yaro ya shiryu. Kwana goma sha ɗaya da dawowarsa aka shiga tashinsa sallar asuba, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa rahama.

Ajali na Allah ne, wannan ba gardama. Amma shekaru bayan haka wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, wadda muke kira Hajiya, ta yi min bayanin da har gobe yake damuna. Ta ce jikin mai shan kodin ko tiramol sabawa yake yi, kullum sai ya ƙara kafin ya ji. In ya yi watanni bai sha ba, wannan sabon yana zubewa. Ranar da ya koma, zai sha adadin da ya saba sha a da, jiki kuwa ba zai iya ɗauka ba, sai numfashi ya yi ta raguwa yana barci har ya tsaya. In ya haɗa da roci, abin ya fi muni. Babu wanda ya gaya mana wannan. Mu murna muke ya dawo.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. A Oktoba aka yi irinsa a Daura. Duniya ta yi ta salati. Mu da muka kai namu da hannunmu ba mu yi mamaki ba. Kuma ku ji ni da kyau, ba iyaye nake zagi ba. Gwaggona ba muguwa ba ce. Matar da aka sace wa ɗan kunne, aka sace mata zannuwan gado, ba ta da kuɗin asibiti, maƙwabta kullum suna ƙofar gida da ƙara, duk inda aka nuna mata za ta kai.

Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suke ta'ammali da ƙwaya. Mutum ɗaya cikin bakwai ke nan. Wiwi ke kan gaba, sai su tiramol mutum miliyan 4.6, sai maganin tari miliyan 2.4. Ka ƙirga sahun gaba a masallacinku, ka yi lissafi da kanka.

To, na gama bautar ƙasa a 2022, na dawo gida da kwali a hannu, na zauna. Sama da shekara ina dakali. Takardun neman aiki na raba su kamar katin ɗaurin aure. Kun tuna hukuma ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari? Sai a 2023 aka sauya ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a ƙirga shi cikin masu aiki, lissafi ya faɗo kashi 4.1. Ranar mun sha dariya a majalisa. Wani ya ce ashe dukkanmu ma'aikata ne, albashin ne kawai bai iso ba.

A wannan dakalin ni ma an miƙo min. Ba sau ɗaya ba. Ban karɓa ba, kuma ba don na fi kowa imani ba ne. Fuskar ɗan gwaggona ce take zuwar min, sannan ina da ɗakin da zan koma, ina da uwar da take rufe min tuwo a kwano ko ƙarfe nawa na shigo. A lokacin ban san wannan kwanon tuwon wani abu ba ne.

A nan na shiga wata 'yar ƙungiyar sa kai ta unguwarmu. Ba babba ba ce, ba mu da ofis, ba mu da mota mai tambari. Hajiya ce, da limamin masallacinmu, da wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, da mu matasa 'yan kaɗan, kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa duk wata. Aikinmu a farko faɗakarwa ce. Mu buga takardu, mu je tasha da yamma, mu tara yara mu gaya musu illar ƙwaya. Kamar ba su fi mu sani ba.

Wani dare cikin hunturu ina tsaye ina ta zuba bayani, har da hanta da ƙoda, sai wani dogon yaro ya ɗaga hannu kamar a aji. Ya ce, "Yallaɓai, kai in ka gama ina za ka kwana?" Na ce a gida. Ya ce, "To ni a kan bencin mai shayin can, in ya tashi ƙarfe ɗaya. In ban sha ba sanyin nan ba zai bar ni in runtsa ba. Da asuba kuma buhu zan ɗauka, in ban sha ba bayana ba zai miƙe ba. Wanne zan daina a ciki?" Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa takardun hannuna suka yi min nauyi.

Wannan shi ne mutumina. Ya gama sakandare fa, ba jahili ba ne. Abokai suka koya masa, ya ɗauki sarƙar mahaifiyarsa ya sayar, mahaifinsa ya yi rantsuwa ba zai ƙara kwana a gidansa ba. Shekara biyu yana tasha. Da rana dako da wankin A Daidaita Sahu, tiramol ne man da ke tuƙa shi. Ba kuma irin na asibiti mai lamba 50 ko 100 ba, irin na bayan fage mai 200 ko 225, wanda in ya yi yawa yake kayar da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Da dare kuma roci, don ya kashe jiki ya yi barci. Duk abin da ya samu a yini a nan yake ƙarewa. Ba zai iya tara kuɗin haya ba saboda sha, ba zai iya daina sha ba saboda ba shi da wurin kwana, ba mai ɗaukarsa aiki saboda duka biyun.

Da na kai labari, Hajiya ta ce ai ta daɗe tana faɗa ba ma ji. Alhaji yana da wani tsohon gida mai ɗaki uku da 'yan haya suka tashi, ya ce a yi amfani da shi shekara guda a gani. Muka sayi katifa shida, da buhun shinkafa, da kwanon girki. Ba kwaɗo a ƙofa ta waje, ba sarƙa, ba bulala. Dokar gidan uku ce: ba a shigo da ƙwaya, ba a faɗa da makami, wanda ya ga dama ya tafi, in ya dawo a buɗe masa. Maƙwabta suka kai ƙararmu wurin mai unguwa, suka ce mun kawo musu 'yan daba. Sai da Liman ya bi gida gida.

Kafin komai sai da aka kai shi wurin likita. Wannan ina so a riƙe shi. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. Dalilin zuwan shi ne, irin su roci da diyazafam ba a yanke su dare ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha. Yankewar gaba ɗaya tana iya jawo jijjiga har ta yi kisa. A hankali likita yake ragewa.

Makon farko ni na kwana da shi. Kai! Ban taɓa ganin wahala irin wannan ba. Gumi, rawar ɗari, hamma ba iyaka, hanci na zuba, amai, gudawa, ƙasusuwa na ciwo kamar ana sara. Ba barci. Dare na uku ya zage ni tas, har iyaye, ya ce ni ne na cuce shi, yana zamansa lafiya a tasha. Ya ɗauki takalminsa ya nufi ƙofa. Na ce ƙofa a buɗe take. Ya tsaya a soro ya fi rabin awa, sai na ji ya dawo ya kwanta. Da safe Hajiya ta kawo kunu, ya sha yana kuka. Bayan mako guda jiki ya fara sakinsa. Mu sababbin shiga muka ce an gama. Hajiya ta ce yanzu aka fara, ciwon jiki kwana bakwai ne, kwaɗayin kuwa watanni.

Gaskiyarta ce. Sau uku ya koma.

Na farko laifinmu ne. Muka haɗa masa jarin naira dubu arba'in muka danƙa masa a hannu, wai ya fara sayar da kayan waya. Kwana huɗu kuɗin suka yi. Mutumin da wata biyu da suka wuce bai taɓa kwana da dubu biyu a aljihu ba, ka ba shi dubu arba'in, kuma dilan da ya saba yana nan inda ya bar shi. Da ya dawo ko kallonmu ba ya iya yi. Wasu a cikinmu suka ce a sallame shi, a ba wani katifar. An yi cacar baki sosai a wannan zama, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin masu cewa a sallame shi. Liman ne ya ce, to in kun sallame shi ina za shi? Aka yi shiru.

Daga nan muka daina ba da kuɗi a hannu. Sai mu nemi maigida mai sana'a, mu biya kuɗin koyo da na mota, abin da yaro ya samu kuma ya riƙe na abinci, saura ya shiga asusu a wurin Hajiya, tana rubutawa a littafi yana sa hannu. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, aikin haɗa sola ya buɗe a gari. Muka samu wani mai wannan sana'a. Tambayarsa ta farko ita ce, "In ya sace min kaya fa?" Muka rubuta masa takarda cewa mu za mu biya. A wata na biyu ya ɗauke naɗin waya guda. Muka biya. Maigidan ya ce ya gama, kada ya ƙara ganinsa. Liman ya sa babbar riga ya je shagon da kansa. Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, don ku ne fa. Amma ba zai ƙara shiga sito ba, a kan rufi zai tsaya."

A kan rufin ya koya. Ɗaukar farantan sola cikin rana, ɗaure su, jan waya zuwa batir. Yau shekara ɗaya da 'yan watanni rabonsa da sha. Ya kama ɗaki, yana da yara biyu a ƙarƙashinsa, ɗayansu daga gidan namu ya ɗauko shi. Mukullin siton da aka hana shi shiga yanzu a aljihunsa yake. Duk wata yana kawo dubu biyu ya ce a ƙara a kuɗin shinkafa.

Kada ku ce labari ya ƙare da daɗi. Mahaifinsa har yanzu gaisuwa kawai yake amsawa, a ƙofar gida, a tsaye. Maganar auren da na ce muku, sai baffanninsa sun je nema, su kuma ba za su je ba sai wansu ya ce a je. A nan aka tsaya. Kuma cikin yaran da suka kwana a kan katifun nan shida, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ba su kai rabi ba. Wasu suna zuwa suna komawa. Akwai wanda yake gidan yari. Duk ƙungiyar da ta ce muku duk wanda ta taɓa ya shiryu, ku tambaye ta bayan wata shida ina yaran suke.

Yanzu ga abin da ya fi yi min wuyar faɗa.

Akwai wani yaro ɗan shekara sha bakwai da ya zo bayan mutumina. Shi nasa sholisho ne da wiwi. Yana da hannu a ɗinki, cikin wata biyar ya iya yanka. Muka saya masa keke. Ranar miƙawa na ɗauki hotonsa, na haɗa da wani tsohon hotonsa na ranar da ya zo, da datti da jajayen idanu, na saka su gefe da gefe a Facebook. Na tambaye shi, ya ce to. Amma yaron da kake ciyarwa, kake ba shi wurin kwana, in ka tambaye shi zai ce a'a? Mutane suka yi ta yabo, suka yi ta turawa, gudummawar da muka samu a makon ta fi ta wata uku. Ina ta jin kaina. Kafin mako ya zagayo hoton ya isa unguwarsu. Yara suka sa masa suna ɗan ƙwayan Facebook. Ƙanwarsa ta daina zuwa islamiyya saboda tsokana. Wata safiya aka duba ba ya nan, ya bar keken, ya bar kayan sawarsa. Mun duba tasha, mun duba kasuwa, mun tambayi uwarsa. Har yau.

Shi ya sa da mutumina ya ce ya fasa zuwa shirin nan, ban roƙe shi ba ko sau ɗaya. Ku ma masu ƙungiyoyi, na san matsin da kuke ciki, mai bayarwa yana son ya ga hoto. Ku nuna masa rasit, ku nuna masa keken, ku kai shi ya gani da idonsa. Fuskar yaro ba taku ba ce.

Masu hannu da shuni kuma, Allah Ya saka da alheri, da azumi kuna ƙoƙari, abinci har ya yi yawa a wasu layukan. Amma yunwar tasha ba ta san wata ba. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kuɗin haya da kuɗin magani, don ba wanda yake son a ce kuɗinsa ɗan ƙwaya ya ci. Waɗanda ake ba zakka kashi takwas ne, na farko da na biyu fakirai da miskinai. Ni ba malami ba ne, ku je ku tambayi malamanku ko yaron da yake kwana a bencin mai shayi yana ciki. Gwamnati ma, a Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Madalla. Muna jiran ranar da uwa irin gwaggona za ta ji a jikinta.

Sannan mata. Binciken nan da na ambata ya ce cikin duk masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Gidanmu na maza ne zalla. Makon jiya wata uwa ta turo min saƙo a kan 'yarta, ta ce ko mijinta bai sani ba, ina za ta kai ta ba tare da gari ya ji ba? Na haɗa ta da Hajiya, sun ga likita. Wurin zama kuwa ba mu da shi. Mace in ta bar gida ba bencin mai shayi take samu ba, kun san abin da take samu. Wannan shiri guda ne a kansa, kuma mace ya kamata ta gabatar da shi, ba ni ba. Muna nema.

In kana da sana'a, walda ce, kafinta ce, gyaran waya ne, kanikanci ne, kuma za ka iya haƙuri da yaro ɗaya, ɗaya tak, ka turo mana saƙo ta wannan shafi. Za mu rubuta maka takarda irin wadda muka rubuta wa mai sola. Ba mu yi maka alƙawarin ba zai ɗauki komai ba, mun yi maka alƙawarin za mu biya. In kuma a gidanku akwai wanda ya dawo daga inda aka tsare shi, ko gidan yari ko asibiti, don Allah a makonnin farko kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kuma a gaya masa a fili cewa jikinsa ba zai ɗauki abin da yake ɗauka a da ba. In aka ga barcinsa ya yi nauyi, ana tashinsa ba ya tashi, numfashi na ja a hankali, leɓe ya sauya launi, ba ruwa za a zuba masa ba, ba manja za a ɗura masa ba. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota, asibiti.

Kai kuma ƙanena mai ɗinki, in Allah Ya sa wani ya karanta maka wannan, na goge hoton tun tuni, kuma ni ne mai laifi, ka yafe min. Kekenka yana ɗakin Hajiya, ta rufe shi da zane, ba ta bari kowa ya hau.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.